CIWON HANTA NAU'IN C A TSAKANIN MA'AIKATA

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya da aka yi a Kwalkwalawa, Sakkwato.



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirye-shirye da ya ga ya dace a ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin wannan zaure akwai likitoci da malaman asibiti waɗanda maganar ta fi dacewa da bakinsu. Da Sakatare ya kawo mini takardar gayyata na tuna masa da haka, sai ya ce ai da gangan aka yi, domin likita yana ganin mutum ne bayan ciwo ya kayar da shi, mu kuwa ma'aikatan ofis mu ne muke ganin fayil ɗinsa tun daga takardar neman hutun rashin lafiya har zuwa takardar biyan magada haƙƙinsa. To, ta wannan fuska zan yi magana, kuma batun da aka ba ni shi ne yawan ciwon hanta nau'in C a tsakanin mutanen da suke cikin shekarun aiki da neman abinci.

MENE NE WANNAN CIWO?

Malaminmu na ilmin halittu, wanda nake hange yana zaune a sahun gaba, ya koya mana cewa hanta tana ƙarƙashin haƙarƙari ta hannun dama, nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma ita ce take tace jini, ta sarrafa abincin da hanji ya tsotsa, ta samar da ɗacin da ke narkar da maiƙo, ta kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan mutum ya yanke. Ciwon hanta kuwa shi ne kumburin wannan gaɓa, kuma ƙwayoyin cutar da suka fi haddasa shi iri biyar ne, waɗanda aka laƙaba wa haruffan A, B, C, D da E.

Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarsu, kamar yadda nau'in E ya ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar da wani yanki na Jihar Barno a shekarar 2017. Waɗannan yawanci sukan zo su wuce. Nau'in B da C su ne masu zama a jiki shekara da shekaru, kuma su ne suke kashe mafi yawan mutane.

Nau'in C shi ne ya daɗe yana wahalar da masana. Tun cikin shekarun 1970 wani likitan Amurka, Harvey Alter, ya lura cewa mutanen da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da wani ciwon hanta wanda ba A ba ne, ba kuma B ba. Sai a shekarar 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar. Daga baya Charles Rice ya tabbatar cewa ita kaɗai ta isa ta haddasa ciwon. Mutanen nan uku aka bai wa kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 2020. Ina roƙon ku riƙe shekarar 1989 ɗin nan a zuciya. Ma'anarta ita ce, duk jinin da aka ƙara wa wani kafin wannan lokaci, a ko'ina cikin duniya, ba a tace shi daga wannan ƙwaya ba, kuma a ƙasashe irin namu gwajin ya ɗauki ƙarin shekaru kafin ya wadata.

YAYA YAWANSA YAKE?

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin miliyan 50 ne suke ɗauke da nau'in C a duniya, miliyan 254 kuma suna ɗauke da nau'in B. A wannan shekarar ciwon hanta ya kashe mutane miliyan 1.3, daga cikinsu kimanin 242,000 nau'in C ne sanadinsu. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne, kashi 36 cikin ɗari kacal na masu nau'in C ne aka gwada aka gano, kashi 20 cikin ɗari kuma suka sami magani. Wato a cikin mutum uku masu ciwon, kusan biyu ba su san suna da shi ba.

A nan gida Nijeriya, ma'aunin da ya fi kowane faɗi shi ne binciken gida-gida da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a shekarar 2018 kan cuta mai karya garkuwar jiki, wanda aka haɗa da gwajin ciwon hanta. An ɗebi jinin mutane 'yan shekara 15 zuwa 64, wato daidai shekarun da mutum yake noma, ko kasuwanci, ko aikin albashi. Sakamakon ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari suna da nau'in B, kashi 1.1 cikin ɗari kuma suna da nau'in C.

Wani zai ce kashi ɗaya da ɗigo ɗaya ai bai taka kara ya karya ba. To mu yi lissafin da malamin lissafi ya koya mana. A ma'aikatar da ke da mutum 1,000, wannan adadi yana nufin mutum 11 masu nau'in C da mutum 81 masu nau'in B. Idan mu 200 ne a wannan zaure, lissafin zai ba mu mutum biyu masu nau'in C da mutum 16 masu nau'in B. Kada kowa ya waiwayi na kusa da shi, domin mai yiwuwa shi ne ake nufi.

Sai dai a kula, wannan adadi matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, kuma nau'in C ba ya bazuwa daidai wa daida. Yakan taru a wani yanki, ko wani ƙauye, ko wani gida, gwargwadon yadda aka yi tarayya a allura ko aska a can baya. A yankin tsakiyar ƙasar nan an same shi fiye da wannan adadi nesa ba kusa ba, abin da ya sa gwamnatin Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da shiri na musamman na gwaji da magani a shekarar 2020. Saboda haka adadin ƙasa ba ya gaya wa mutum halin da jininsa yake ciki. Gwaji ne kaɗai yake gaya masa.

ME YA SA ABIN YA FI SHAFAR MA'AIKACI?

Dalili yana cikin ɗabi'ar ciwon. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa jin komai a farko. Ba zazzaɓi, ba shawara, ido fari tas. Kimanin kashi 30 cikin ɗari jikinsu yakan kori ƙwayar da kansa cikin wata shida. Sauran kashi 70 ɗin kuwa tana zama a hantarsu, tana ci a hankali kamar yadda gara take cin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. A cikin waɗannan, kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari hantarsu takan yi tabo ta ƙandare cikin shekara 20, wasu kuma abin ya rikiɗe ya zama sankarar hanta.

Yanzu mu ɗora wannan a kan rayuwar ma'aikaci. Yaron da ya ɗauki ƙwayar yana ɗan shekara goma ko sha biyar, ta hanyar allurar da aka yi masa da sirinjin da aka yi wa wani, zai gama sakandare lafiya, ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya kama aiki, ya yi aure. Sai ya kai shekara 40 ko 45, lokacin da yake da 'ya'ya a makaranta, da iyaye tsofaffi a ƙauye, da ƙanne a wuyansa, ga bashin fili bai gama biya ba, sannan ciwon zai bayyana. Ya fara da kasala da rashin cin abinci, a ce aiki ne ya yi yawa. Daga nan ƙafa ta kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, ido ya yi ɗorawa, wani lokaci har da aman jini. Dokar aikin gwamnati ta ce a yi ritaya bayan shekara 35 ana aiki ko kuma idan an cika shekara 60. Wannan bawan Allah ko rabin zangon bai wuce da yawa ba.

A irin wannan hali kun san abin da mutanenmu suke cewa. A ce sammu ne, an ga an yi masa ƙarin girma. A ce an ba shi wani abu ya ci a ofis. A fara zargin abokin aiki, ko kishiya, ko ɗan'uwa, zumunci ya lalace, a kashe abin da ya rage wajen jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙe waɗanda wasunsu ƙara wa hantar nauyi suke yi. Alhali kuwa abin da ya kawo ciwon ya faru tun mutumin yana firamare.

Akwai kuma wata fuskar. Da yawa sukan fara jin labarin ne a lokacin da bai yi musu daɗi ba: ranar da suka je ba ɗan'uwa jini aka ce ba za a ɗauki nasu ba, ko ranar gwajin lafiya na neman aiki a Saudiyya da maƙwabtanta, ko kuma ana gab da ɗaurin aure. A Jihar Kano, tun shekarar 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, kuma ciwon hanta nau'in B da C suna cikin abubuwan da ake dubawa. Gara mutum ya sani tun da wuri, a cikin sirri, ya nemi magani, da ya ji a ranar da idon jama'a yake kansa.

DARASI DAGA MASAR

Tun da a Kwalkwalawa muke, a bakin Gulbin Rima, bari in kawo labarin wata ƙasa mai gulbi. Duk wanda ya tashi a garuruwan fadama ya san tsargiya, wadda yara suke ɗauka wajen wanka da su. Mutanen Masar da ke bakin Kogin Nilu sun yi fama da ita ƙwarai. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 hukumomin ƙasar suka bi ƙauyuka suna yi wa miliyoyin mutane allurar maganinta. Niyya kyakkyawa ce, amma sirinjin gilashi ne ake amfani da shi, a yi wa wannan a yi wa wancan ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Ba wanda ya san da ƙwayar nau'in C a lokacin. Da aka yi bincike a shekarar 2008, sai aka tarar kusan mutum ɗaya cikin goma na baligan Masar yana ɗauke da ita, adadin da babu kamarsa a duniya.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Masar ta yi ciniki da kamfanonin magani, ta kuma fara haɗa maganin a cikin gida. A shekarar 2018 ta ƙaddamar da gwajin gama-gari kyauta, a asibitoci da ma'aikatu da kasuwanni. An gwada mutane fiye da miliyan 60, an yi wa fiye da miliyan huɗu magani. A watan Oktoba na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinariya, ta zama ƙasa ta farko da ta kai wannan matsayi a hanyar kawar da ciwon.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, allura ɗaya marar tsabta tana iya yin ɓarnar da ba za a gani ba sai bayan shekara talatin. Na biyu, ciwon yana jin magani idan an tashi tsaye. Ita kuwa tsargiya, yanzu ƙwaya ake haɗiya dominta, ba sai an yi allura ba.

HANYOYIN KAMUWA A WAJENMU

Nau'in C ta jini yake bi. Hanyoyin da suka fi kusa da mu su ne: ƙarin jinin da ba a tace ba, allura da sirinjin da aka maimaita, musamman wajen masu yin allura a gida ko a bayan kanta, kayan aikin haƙori ko na fiɗa da ba a tsabtace ba, askar wanzami wajen aski, da ƙaho, da kaciya, da cire beli, da tsaga, almakashin mai yankan farce da ke yawo ofis-ofis da kasuwa-kasuwa, reza ko buroshin goge baki da ake tarayya a gida, da kuma allurar masu shaye-shaye. Ƙwayar tana iya rayuwa kwanaki a busasshen jinin da ido ba ya gani, don haka goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya wadatarwa. Uwa tana iya sa wa jariri, amma kimanin biyar ko shida ne cikin ɗari. Tsakanin miji da mata kuwa yana yiwuwa, sai dai ba kasafai ba.

Ban kawo wannan don a ƙyamaci wanzamai ba. Sana'a ce ta gado mai daraja, kuma da yawansu sun riga sun koma sabuwar reza ga kowane mutum. Abin da ya rage namu ne: ka tafi da rezarka, ka sayi kilifarka, ka ga an ɓare sirinji a gabanka, kuma ka daina matsa wa malamin asibiti sai ya yi maka allura alhali ƙwaya ta isa.

Haka kuma wajibi ne in faɗi hanyoyin da ba a kamuwa, domin jahiltar wannan ya raba mutane da yawa da abokansu. Ba a ɗaukar nau'in C ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko musafaha, ko zama a ofis ɗaya, ko gumi, ko tari, ko cizon sauro. Uwa mai ciwon tana iya shayar da ɗanta, sai fa idan kan nonon ya tsage yana jini. Don haka babu hujjar ware wa mutum kofi, balle a hana shi aiki ko ƙarin girma.

GWAJI DA MAGANI

Gwajin hawa biyu ne. Na farko ɗigon jini ne daga yatsa, cikin 'yan mintoci a sami sakamako, kuma abin da yake nunawa shi ne ko jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Wanda wannan ya nuna yana da ita kada ya yanke wa kansa hukunci, domin yana iya kasancewa cikin kashi 30 ɗin da jikinsu ya kore ta. Sai an yi na biyu, wanda yake neman ƙwayar kanta ya ƙidaya yawanta a jini, sannan a tabbatar. Wanda yake cikin garin nan ya nemi likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, su za su nuna masa inda zai dosa.

Game da magani, duniya ta canza. A da allurar intaferon ake yi mako-mako har wata shida ko kusan shekara, da wahala mai tsanani, kuma kusan rabi ne suke warkewa. A ƙarshen shekarar 2013 aka amince da wata ƙwaya mai suna sofosbuvir a Amurka, a kan dala 1,000 kowace ɗaya, wato dala 84,000 na mako 12. Daga baya aka ba kamfanonin Indiya da wasu ƙasashe izinin yin irinta, farashin sari ga ƙasashe masu tasowa ya faɗo ƙasa da dala 100. Ana haɗa ta da wata mai suna daclatasvir, a sha kullum har mako 12, ko 24 ga wanda hantarsa ta riga ta taɓu, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari suna warkewa sarai. Bayan mako 12 da gama sha a sake gwaji a tabbatar.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Kada a saya a kemis a sha da ka. Dole likita ya duba lafiyar hanta da ƙoda, ya kuma gwada nau'in B tukuna, domin yana iya tasowa a lokacin da ake maganin C. Kada a yanke sha don an ji sauƙi. Wanda ya warke yana iya sake kamuwa, domin nau'in C ba shi da allurar rigakafi. Nau'in B kuwa yana da ita, tana cikin rigakafin yara a ƙasar nan tun shekarar 2004, ana fara ta cikin awa 24 da haihuwa. Kusan dukkanmu an haife mu kafin wannan shekara, don haka wanda aka gwada ba shi da B ya je a yi masa.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Malam Shugaba, a shekarar 2016 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka ɗauki alkawarin kawar da ciwon hanta a matsayin barazana ga jama'a kafin shekarar 2030. Wannan aikin gwamnatoci ne, amma mu ma muna da namu gwargwado. Ina gabatar da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a taron baɗi a ware ɗaki guda, 'yan'uwanmu likitoci da masu gwajin jini su gwada duk mai so, mu da iyalanmu da malamanmu, sakamako kuma ya tsaya tsakanin mutum da likitansa.

Na biyu, asusunmu na taimakon juna, wanda yawanci ba ma taɓa shi sai an yi rasuwa, a ware wani kaso daga cikinsa domin gwaji na biyu da sayen magani ga wanda ba shi da hali. Kuɗin da muke kai wa gidan makoki, da an kashe shi shekara biyar kafin nan, wataƙila da mai gidan ne zai tarbe mu.

Na uku, a ranar 28 ga watan Yuli, wadda ita ce ranar ciwon hanta ta duniya, mu je tsohuwar makarantarmu mu yi wa ƙannenmu bayani, musamman 'yan kwana masu tarayya a reza da kilifa, mu kuma zauna da shugabannin wanzamai da masu yankan farce na unguwanninmu cikin mutunci.

Na huɗu, waɗanda Allah ya ɗora a kan kujerun shugabanci a ma'aikatu su riƙe sirrin na ƙasa da su, su ba su hutun zuwa asibiti, kada takardar likita ta zama sanadin danne wa mutum haƙƙinsa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina fata kafin mu sake haɗuwa kowannenmu ya san matsayin jininsa. Iyayenmu malamai, mun gode da tarbiyyar da kuka yi mana, Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku lafiya. 'Yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.